Jinjirin Wata a Kan Ƙ

Direban wata tirela ne ya tsinci Jibirilla da hantsi a bayan wani sito a unguwar Sulay, kwance rub da ciki tsakanin tsofaffin tayoyi. An karya masa hannun dama da haƙarƙari, fuskarsa ta kumbura har sai da aka duba rigar aikinsa sannan aka gane shi. Wayarsa tana aljihunsa, ba a taɓa ta ba. Waɗanda suka yi wannan aiki ba sata ta kawo su ba.

Kafin azahar labari ya kai duk inda Bahaushe ke kwana a Riyad, daga Sulay har Ulaisha. Mutane suka ce Allah ya sauwaƙe, suka kau da kai. Ba wanda ya tambayi dalili, domin kowa ya riga ya karanta dalilin a wayarsa.

A farkon watan an yi kame a wani gida a Sulay inda wasu 'yan Maraɗi marasa iƙama, wato takardar izinin zama, ke zaune a ɓoye. Aka kwashe su, aka mayar da su gida. Ba a jima ba wani saƙo ya fara yawo daga wata lambar Najeriya da ba wanda ya san mai ita. Ga abin da ya ce, yadda aka rubuta shi:

"Jama'a a yi hattara. Jibirilla ne ya kai ƙarar 'yan uwanmu. Ya boye a cikinmu yana daukar labari. Maƙaryaci ne. ƙarshensa ba zai yi kyau ba."

Saidou Mai Sawu yana cikin waɗanda suka tura saƙon gaba. Mutumin Tanut ne, can arewa da Damagaram, kuma a wurin mahaifinsa ya gaji bin sawun raƙuman da aka sace. A gida yakan dubi ƙasa ya faɗa maka ko raƙumin na ɗauke da kaya, ko mutum ɗaya ne a kansa ko biyu. A Riyad kuwa motar raba ruwan sha yake tuƙawa, sai dai sunan ya biyo shi, kuma in abu ya ɓace a sakan, wato gidan kwanan ma'aikata, shi ake kira. Ranar da saƙon ya shigo masa bai tsaya duba komai ba. Ya tura wa abokan aikinsa, ya goge, kuma daga ranar ya daina amsa sallamar Jibirilla a masallaci.

Shi ya sa da aka ce masa majinyacin na nemansa, sai da ya zagaya asibitin Shumaisi kafin ya iya shiga.

Jibirilla na kwance an ɗaure masa hannu da ƙirji. Mutum ne siriri, mara yawan magana, ba shi da dangi a ƙasar. Ya buɗe idon da bai kumbura ba.

"Saidou. Ka zo."

"Na zo. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Duba cikin wancan aljihun, ka ɗauko katina."

Saidou ya ciro iƙamar, ya duba ranar da ke jiki. Ta mutu tun bara.

"Kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, ya rufe kamfani ya tafi abinsa," in ji Jibirilla. "Ni da ko motar sintiri na hango sai in sauya titi, ni zan je in kai ƙarar wani? Da wane baki? Yanzu ga shi sun gani a nan. Ina warkewa za a sa ni a jirgi."

Saidou ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Ba na neman a rama mini. Amma labarin ya riga ya kai ƙauyenmu. Tsohuwata ta daina fita kasuwa. Ina so kafin in sauka a san ba ni ba ne. An ce kana bin sawu."

"Wannan ba ƙasa ba ce, Jibirilla. Rubutu ne a waya."

"Mutum ne ya rubuta. Mutum kuwa ba ya tafiya a iska."

Saidou ya buɗe baki zai ce shi ma ya tura saƙon, sai ya fasa. Ya ce, "Zan duba."

*

A al'ada ba a fara irin wannan bincike ba tare da sanin babba ba, babba kuwa shi ne Alhaji Mahamadu. Ya fi shekara talatin a Ulaisha, yana da ɗan shagon kayan masarufi, gidansa kuma masaukin baƙi ne, na Nijar da na Najeriya. Shi ne ya samo wa Saidou biza, daga baya ya ba shi 'yarsa Bilƙisu, ya ba su ɗakin bene su zauna.

Saidou ya cire takalmi tun daga nesa, ya zauna a bakin darduma, kansa a ƙasa yadda suruki ke yi.

"Baba, na je na ga Jibirilla. Ba shi ba ne. Iƙamarsa matacciya ce."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi.

"Allah sarki," ya ce. "Allah ya ba shi lafiya. To amma Saidou, abin da ya faru ya faru. Mu baƙi ne a ƙasar mutane. In ka shiga tonon nan ba ka san abin da za ka tono ba. A bar wa Allah."

"Na riga na yi masa alkawari, Baba."

"To. Allah ya taimaka."

*

Ya fara da Yacouba, birkila, wanda ƙanensa na cikin waɗanda aka kwashe. Ya same shi a sakan ɗinsu na Sulay lokacin hutun rana, yana cin shinkafa da hannun hagu. Na daman ya naɗe shi da tsumma. Saidou ya ga hannun, Yacouba ya ga ya gani.

"Kai aka fara turo wa saƙon?"

"Ni da wasu. Da na tashi na gani."

"Ka kira lambar?"

"A kashe take. Amma me za ka nema? Lambar Najeriya ce, rubutun ma na 'yan Najeriya ne. Mu wa ke rubuta haka? Mu da Faransanci ya ɓata wa hannu."

"Iƙamar Jibirilla ta mutu tun bara."

Yacouba ya daina tauna. Ya dubi hannunsa, ya dubi bango.

"Wallahi?"

"Da idona na gani. Ba ni wayarka."

Tsohuwar waya ce, fuskarta a tsage. Saidou ya buɗe saƙon, nan da nan ya ga abin da bai gani a tasa ba. Akwai wani ɗan akwati mara komai a ciki da ke bin bayan wasu haruffa. Ya bi su da yatsa. Duk inda ƙ ta fito, akwatin na manne da ita. Sauran haruffa ba su da shi.

"Wannan fa?"

"Wayar ce ta tsufa."

Saidou bai yarda ba. Mahaifinsa ya koya masa cewa sawu ɗaya ne, ƙasa ce ke bambanta: abin da fako ya ɓoye, rairayi zai nuna. Ya karɓi wayoyin 'yan ɗakin ya jera. A sababbin babu akwati, sai wani ɗan ɗigo a saman lanƙwasar harafin, wanda in ba ka neme shi ba za ka ce ƙura ce.

*

Bachir mai gyaran waya yana da ɗan teburi a cikin cunkoson kasuwar Batha. Ya kwafi harafin ya zuba a wani shafi, ya karkata kai yana karantawa.

"Ikon Allah. Abu biyu ne a nan, ba ɗaya ba. Ga ƙ ɗinmu, ga kuma wani. An ce harafin Siriliki ne."

"Mene ne haka?"

"Rubutun Rasha."

Akwai mutane a tsaye suna jiran wayoyinsu. Saidou ya san bai kamata mai bin sawu ya yi magana kafin ya kai ƙarshen hanya ba. Amma daɗin ya samu bakin zare ya ɗebe shi, ya ce da ƙarfi, "Rasha? Wa muke da shi da ya san rubutun Rasha in ba Mustapha ba?"

Kafin ya gama raba ruwan yamma maganar ta riga shi isa Sulay.

Mustapha ɗan Kano ne da ya yi karatu a Yukren, yaƙi ya koro shi kafin ya gama, ya ƙare yana lissafin kaya a wani siton magunguna. Washegari da Saidou ya je nemansa, ya tarar da katifarsa da akwatinsa a waje cikin rana. Abokan ɗakinsa sun ce ba za su kwana da mai haɗa husuma ba, kuma ba sa so in an zo dukansa a haɗa da su. Yana zaune a kan akwatin, kwamfutarsa a cinya.

"Kai ne Saidou," ya ce, bai miƙa hannu ba. "An ce kai ka gano ni."

"Sunanka na ambata. Bai kamata ba."

"Amma ka ambata."

Saidou ya tsuguna a gabansa. "Na yi kuskure, Malam. Tambayarka na zo yi, wadda ya kamata in fara yi tun jiya."

Mustapha ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya buɗe kwamfutar.

"Tun da safe nake kallon abin nan, tunda shi zai sa a karya ni. Zauna ka gani. Ita waya ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi na duniya an ba shi lambarsa. Ƙaramar ƙ ɗinmu lambarta 0199. Wannan da ke bayanta kuma 2DED. E, na Siriliki ne. Amma duk zamana a can ban taɓa ganinsa a kibod ɗin kowa ba, ko a jarida, ko a allon titi. Tsofaffin marubutan littattafan coci ne ke ɗora shi a saman wani harafi in za su taƙaita kalma. An ba shi lamba ne saboda masu nazarin tsofaffin littattafai. In ka tare Barashe a hanya ka ce ya rubuta maka shi a waya, ba zai iya ba."

"To me ya sa yake bin ƙ?"

"Domin ba ya tsayawa da ƙafarsa. Irinsa ana rubuta shi ne a bayan harafi, sai waya ta ɗauke shi ta ɗora a kan na gabansa. A ciki su biyu ne, a ido ɗaya. Wayar da ba ta da hotonsa sai ta nuna akwati. In kuwa ka danna za ka kwafa, tare suke tahowa."

"Kamar raƙumi da mahayi," in ji Saidou a hankali.

"Ka ce haka. Yanzu dubi saƙon. Ya rubuta boye da daukar ba lanƙwasa. Mai kibod ɗin Hausa ba zai sa wa ƙ lanƙwasa ya hana ɓ da ɗ ba. Ga kuma nan, farkon jimla, ya sa ƙaramar ƙ. Mutumin nan ƙ guda ɗaya tak yake da ita a duniya. Daga wani wuri ya kwafo ta, yana ta mannawa, don a ce ɗan bokon Najeriya ne ya rubuta. Bai san tana ɗauke da kaya ba. Ka nemo inda ya samo ta."

"Ƙara mini girmanta in gani."

Mustapha ya ja harafin har ya cika fuskar kwamfutar. A saman ƙ ɗin ga wani ɗan lanƙwasasshen abu, buɗe ta gefe ɗaya.

"A rubutunsu wannan s ne," in ji Mustapha. "Amma ka ga kamar jinjirin wata."

Saidou ya ƙura wa harafin ido. Ya san wannan jinjirin watan. Kullum yana fitowa a fuskar wayarsa, har idonsa ya daina ganinsa.

"Lafiya?" in ji Mustapha.

"Ɗauko katifarka. Akwai wani abokina a unguwar Shumaisi, za ka zauna wurinsa kafin ƙura ta lafa."

*

Bilƙisu a Riyad aka haife ta. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, Bakanuwa ce. Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta ta magana ce kawai, in ta tashi rubutu da Larabci take yi. Saidou ya same ta bayan la'asar tana yi wa 'yarsu Marwa kitso.

Ya buɗe sunanta a wayarsa ya miƙa mata. "Wannan adon da ke kan sunanki, ina kika samo shi?"

Ta yi dariya. "Sai yau ka gani, Abu Marwa? Tun muna amare. Akwai wani shafi da ke yi wa suna ado. Na ga hilal ɗin, jinjirin watan nan, ya yi kyau, yani kamar kambi."

"Wa da wa kika sa wa?"

"Kai da Baba. Ni na rubuta muku da hannuna. Lesh, me ya faru?"

"Babu kowa kuma?"

"Babu. Ai shi Baba ma bai san yana nan ba, idonsa ba ya gani. Kwanaki ya kira ni in koya masa yadda ake kwafar harafi ɗaya daga cikin suna. Na ce Baba me za ka yi da shi, ya ce wai wani baƙo zai rubuta wa..."

Ta tsaya. Ita ma ta karanta saƙon kamar kowa. Hannunta ya saki gashin yarinyar.

"La'," ta ce. "La', wallahi. Baba ba zai yi ba."

Saidou ya karɓi wayarsa ya mayar aljihu.

"Shi ya kawo ka ƙasar nan."

"Na sani."

"To ka yi shiru mana. Khalas, shi ke nan, ka ce ba ka gano ba."

"Bilƙisu, na riga na jefa wani mutum a bakin kura da bakina. In na yi shiru, abin da aka yi wa Jibirilla za a yi masa."

Ta rufe fuska da mayafi. Marwa ta dube su ɗaya bayan ɗaya, rabin kanta a tsefe.

Bayan magariba ya sauka wurin Alhaji. Duk hanyar bene yana shirya magana, da ya zauna sai ta watse. Yaya mutum zai dubi surukinsa ya ce kai ne? Ya buɗe sunan Bilƙisu, ya ƙara masa girma, ya ajiye wayar a kan darduma a gaban tsohon.

"Baba, sawun ya shigo gidan nan."

Alhaji ya sa tabarau ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tura wayar baya da ɗan yatsa.

"An kira taro ranar Juma'a a kan maganar yaron nan Mustapha," ya ce. "Jama'a suka nema. Ka je ka huta."

*

Bayan sallar Juma'a falon Alhaji ya cika. 'Yan Nijar a gefe ɗaya, 'yan Najeriya a ɗaya gefen, abin da ba a saba gani ba. Yacouba na kusa da ƙofa da mutanensa. Bachir ya zo. Mustapha ya zauna shi kaɗai a tsakiya, ba wanda ya matsa kusa da shi. An zuba shayi, ba mai sha.

Alhaji ya buɗe taro da addu'a, ya ce a yi haƙuri da juna. Saidou ya jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba.

"Ba dogon zance," in ji Yacouba. "An sa mu mun zalunci bawan Allah. Ga wanda ya sa mu. Saidou da kansa ya faɗa."

Saidou ya miƙe. Bai taɓa tsayawa yana magana surukinsa na zaune ba.

"Ni na faɗa, kuma ƙarya na yi masa. Malam Mustapha, a gaban jama'a na ɓata ka, a gabansu nake neman gafararka." Ya juya ga sauran. "Ni ma na tura saƙon nan. Duk wanda bai tura ba ya ɗaga hannu."

Hannu biyu ko uku suka tashi. Sauran suka sunkuyar da kai.

Sai ya bayyana musu yadda Mustapha ya bayyana masa, da kalmomin da ya iya: cewa harafin biyu ne a haɗe, na biyun haye yake a kan na farko, wanda ya ɗauki ɗaya ya ɗauki duka. Ya nuna musu akwatin a wayar Yacouba. Bachir ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Ya nuna musu boye da daukar, da ƙaramar ƙ a farkon jimla.

"Mai rubutun ba ɗan boko ba ne, aron harafi ya yi. Na kuma gano inda ya aro."

Ya ajiye wayarsa a tsakiyar darduma, sunan matarsa a buɗe, jinjirin watan a kan ƙ. Mutane suka leƙa. Fito da sunan matar aure a gaban maza ba ƙaramin abu ba ne, kuma kowa ya ga yadda gumi ke zuba a wuyansa.

"Matarka?" in ji wani.

"Ba ta iya rubuta Hausa ba. Ita dai ta sa adon."

"To wayarka ce ke nan," in ji Yacouba, yana tasowa. "Kai ka rubuta, kai ka zo kana yi mana wasan bin sawu?"

"Sunan yana cikin wayata," in ji Saidou. Ya san sauran maganar, amma harshensa ya ƙi ɗaukarta.

Yacouba ya cafki wuyan rigarsa da hannun hagu. Mutane suka miƙe, kofin shayi ya kife. Saidou bai ɗaga hannu ba.

"Sake shi."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji. Alhaji Mahamadu ya ciro wayarsa daga aljihu, ya ajiye ta kusa da ta Saidou.

"Sake shi, Yacouba. Waya biyu ce. Ga ɗayar."

Idanu suka koma kan tsohon.

"Ranar kamen ina kai musu abinci aka tare ni a hanya. Aka ga tukwane, aka tambaye ni na wa ne. Aka ce mini mai ciyar da marasa takarda shi ma laifi gare shi. Na tuna shagona, na tuna 'yata da jikata. Sai na nuna ƙofar." Ya dubi Yacouba. "Da na ji kana tambaya wa ya ga motar wa, tsoro ya kama ni. Akwai layin wayar da wani baƙo ya manta a gidan nan. Na zaɓi Jibirilla don na ga ba shi da kowa. Na ɗauka za a ƙaurace masa ne kawai, magana ta mutu."

"Alhaji," in ji Yacouba, muryarsa ta karye. "Ku kuka karɓi ƙanena a tasha. Ku kuka ce in bar shi a hannunku."

"Ni ne."

Yacouba ya saki rigar Saidou. Ya dubi hannunsa mai tsumma kamar ba nasa ba, ya zame ya zauna a ƙasa. Ba wanda ya zagi tsohon. Da an zage shi da ya fi sauƙi. Mutane suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman takalminsa ba ya duban na kusa da shi. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya tsaya gaban Mustapha ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

Da falon ya rage su kaɗan, Saidou ya durƙusa a gaban surukinsa.

"Baba, ku yafe mini."

"Tashi," in ji Alhaji. "Kada ka ƙara mini. Ɗauko mota."

*

Su uku suka je asibitin da la'asar: Alhaji, Saidou da Yacouba. A hanya Alhaji ya ɗauki muryarsa a waya, ya faɗi sunansa da sunan mahaifinsa da abin da ya aikata, ya ce a tura ko'ina saƙon farko ya je, har ƙauyen su Jibirilla. Ya ce zai nemi wanda zai tsaya a kan maganar iƙamar, ko da yake duk sun san da wuya a iya komai yanzu.

A bakin ɗakin tsohon ya tsaya, ya dafa bango. Sai da wata ma'aikaciya ta ce su ba ta hanya sannan ya shiga.

Jibirilla ya ga Alhaji, ya yi ƙoƙarin tashi don girmamawa, ciwo ya mayar da shi.

"Alhaji da kanku? Ai da ba ku wahalar da kanku ba."

Alhaji ya tsaya a gefen gadon ya faɗi komai, bai rage ba. Yacouba ya faɗi nasa, cewa da shi aka doke shi, yana kuka kamar yaro. Saidou ma ya faɗi abin da ya kasa faɗa ranar farko.

Jibirilla ya saurare su har ƙarshe. Idonsa na kan silin.

"Tsohuwata za ta ji?"

"Za ta ji yau," in ji Saidou.

"To, alhamdu lillahi."

"Ka yafe mana," in ji Alhaji.

Jibirilla ya lumshe ido.

"Zan yafe, in sha Allahu. Amma ba yau ba. Yau ba na son ganin fuskokinku, kuma ba na iya juyawa da kaina. Wani ya taimaka ya juya ni in fuskanci bango."

Saidou ya matsa, Alhaji ya tare shi da hannu. Tsohon ya cire hularsa ya ajiye a kan kujera, ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗar Jibirilla, ɗaya a kwankwasonsa, yana kaffa-kaffa da karyayyen hannun. A hankali ya juya shi. Ya gyara masa matashi, ya ja masa bargo har kafaɗa. Sannan suka fita, ba wanda ya yi sallama.